Na bar sigari na koma na lantarki: shin lokaci ya yi da zan rage ƙarfin nikotin?

Baban Zainab ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya da nake roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, ko masu ilimin abin, su taimaka mini da amsarta. Na shafe shekaru masu yawa ina shan sigari, kusan kwali guda a kullum, kuma yau watanni kaɗan ke nan rabona da ko kara ɗaya, tun da na koma amfani da sigarin lantarki. Ruwan da nake zubawa mai miligiram 18 ne na nikotin a kowace mililita, a cikin ƙaramar na'ura irin wadda ake tara tururin a baki kafin a ja shi zuwa huhu, kamar dai yadda ake zuƙar sigari. Tarin asuba ya ragu ƙwarai, kuma hancina ya dawo yana jin ƙamshi da wari yadda na manta ana ji.

Damuwata ita ce maiɗakina da wasu abokaina suna matsa mini in sauko zuwa 6 ko 3, daga nan in kai sifili, domin a ganinsu muddin ina shan nikotin mai ƙarfi haka to ban bar komai ba, suna kawai na canza wa abin. Ni kuwa tsorona kada in rage in wayi gari na koma gidan jiya, domin har yanzu idan na wuce kusa da mai shan sigari sai in ji raina ya biya. Shin wajibi ne mutum ya rage? Idan wajibi ne, yaushe, kuma ta wace hanya?

Abu Ammar ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa maka. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawa, kuma hujjata tana cikin maganarka, inda ka ce har yanzu ranka yana biyawa idan ka shaƙi hayaƙin wani.

Abin da ya kamata masu matsa maka su gane shi ne, nikotin ne ke ɗaure mutum ga sigari, amma ba shi ne ke yin mafi yawan ɓarnar ba. Idan ganyen taba ya ƙone, hayaƙinsa yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara, ga kwalta mai maƙalewa a huhu, ga iskar kabon monokzayid mai hana jini ɗaukar isasshiyar iskar da jiki ke buƙata. Tun a 1976 wani likita mai binciken taba a Landan, Michael Russell, ya rubuta cewa mutane suna shan sigari ne don nikotin amma kwalta ke kashe su. A 2016 kuma ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians a Ingila ta yi kiyasin cewa da wuya illar sigarin lantarki ta wuce kashi 5 cikin 100 na illar sigari. An yi ta muhawara a kan wannan adadi, kuma ni ma ba na ɗaukarsa a matsayin awo na ƙarshe, amma masana da yawa da suka soki lambar ba su musanta cewa tazarar da ke tsakanin ƙona taba da ɗumama ruwa babba ba ce. Saboda haka haɗarin da ya fi kusa da kai a yau shi ne komawa sigari, kuma duk matakin da zai ƙara kusantar da kai gare shi bai cancanci a kira shi ci gaba ba.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Jikin wanda ya saba da nikotin yana da ma'auninsa, kuma yana neman ya cika ma'aunin nan ko mai jikin ya sani ko bai sani ba. Cikin kamar awa biyu rabin nikotin ɗin da ke jini yake raguwa, shi ya sa hannu ke komawa aljihu a kai a kai. Idan ka rage ƙarfin ruwan da yawa lokaci guda, sai ka ga zuƙarka ta ƙara tsawo, ta ƙara yawa, tankin da ke kai ka dare ya ƙare tun da la'asar. Lynne Dawkins da abokan aikinta a jami'ar London South Bank sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2018, inda suka sauko da masu amfani da ruwa mai 18 zuwa mai 6. Mutanen sun ƙara yawan zuƙa da tsawonta, sun ƙone ruwa fiye da da, kuma duk da haka ƙishirwar nikotin ɗin ba ta sake su ba. Da aka ba su damar ƙara ƙarfin wutar na'urar, alamar fomaldihayid, wani sinadari mai guba, a fitsarinsu ta ƙaru. Ma'ana, an gudu daga nikotin an faɗa cikin ƙarin tururi, alhali a cikin tururin ne sauran abubuwan da ake tsoro suke, wato abin da ke fita idan an ɗumama gilisarin (sinadari mai kauri da ake haɗa ruwan da shi) da sinadaran ɗanɗano a kan waya mai zafi.

Ummu Salma ta amsa:

Malam Abu Ammar, na yarda da kai a kan maganar gaggawa, amma ina jin tsoron mai karatu ya fita da fahimtar cewa zama a kan 18 har abada ba laifi ba ne, kuma a nan muka rabu.

Nikotin ba ruwan sha ba ne. Yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, yana tsuke jijiyoyin jini, kuma ga mai juna biyu ko matashin da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba, illarsa ta wuce haka. Sannan na'urar kanta sabuwa ce idan aka kwatanta ta da sigari. A 2003 ne wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera irin wadda ake amfani da ita yanzu, don haka babu wani mutum a duniya da ya yi shekara arba'in yana zuƙarta balle a duba huhunsa a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta sanya ta cikin hanyoyin barin taba da ta amince da su ba a jagorar da ta fitar a 2024, inda ta ambaci filastar nikotin da ake liƙawa a fata da cingam ɗinsa da magunguna irin su bareniklin da sitisin.

Ko binciken da masu goyon bayan na'urar suka fi kafa hujja da shi yana da fuska biyu. A gwajin da Peter Hajek ya jagoranta a Ingila, wanda aka buga a 2019, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka bai wa sigarin lantarki sun kai shekara guda ba su sha sigari ba, a kan kusan kashi 10 na waɗanda aka bai wa filasta da cingam da makamantansu. Wannan nasara ce. Amma a cikin waɗanda suka yi nasarar da na'urar, kashi 80 suna nan riƙe da ita bayan shekarar, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 9 ne kawai ke ci gaba da amfani da abin da aka ba su. Sigari yana da ƙarshe, idan karan ya cinye dole ka jefar, kuma sai ka tashi ka fita waje kafin ka kunna wani. Na'ura ba ta da wannan iyaka. Na ga wanda yake kwana da ita a ƙarƙashin matashi, yana farkawa cikin dare ya zuƙa sau biyu idonsa a rufe ya koma barci. Irin wannan mutum zai iya shan nikotin fiye da lokacin da yake shan sigari. Don haka ni ina ganin ya kamata Baban Zainab ya sa niyyar saukowa a ransa tun yanzu, ko da aiwatarwar sai nan gaba.

Tsohon Mashayi ya amsa:

Ɗan'uwa, jikinka zai iya gaya maka lokacin kafin kowa. Idan ka fara jin tashin zuciya bayan zuƙa, ko jiri, ko ciwon kai, ko shaƙuwa, ko ƙirjinka yana dukan uku-uku, ko kuma ka ga kana mantawa da na'urar a gida ka yini ba ka damu ba, to ƙarfin ya yi maka yawa kuma saukowa ba zai yi wuya ba. Sai dai ka lura da abu guda kafin ka ɗora wa nikotin laifi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da sauri, kuma hayaƙin ne ke yin haka, ba nikotin ba. Da zarar ka bar sigari hanta takan koma yadda take, sai kofin da ka saba sha ya riƙa yi maka aiki fiye da da, ya hana ka barci ya sa hannunka rawa. Haka abin yake ga wasu magunguna, kamar tiyofilin na asma da kilozafin na taɓin hankali, don haka mai shan su ya sanar da likitansa cewa ya bar taba.

Baban Zainab ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ba na jin ko ɗaya daga cikin alamomin da Tsohon Mashayi ya lissafa. Ruwan da nake ƙonawa a yini bai wuce mililita 2 ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in sayi babbar na'ura irin mai fitar da tururi da yawa, in zuba mai 3, ya ce ta haka na rage nikotin sau shida a rana ɗaya ba tare da na sha wahala ba. Malam Abu Ammar, yaya kake ganin wannan?

Abu Ammar ya amsa:

Lissafin abokin naka bai fita ba, kuma za ka iya gwadawa da biro da takarda. Lambar da ke jikin kwalba tana nuna abin da ke cikin mililita guda ne, ba abin da ka sha a yini ba. Mililita 2 na mai 18 miligiram 36 ke nan. Babbar na'ura tana iya cinye mililita 12 a yini a hannun wanda ya saba, kuma 12 sau 3 shi ma 36 ne. Ba duk abin da ke cikin ruwan ne ke shiga jini ba, amma ma'aunin ya isa ya nuna maka cewa nikotin ɗin yana nan yadda yake, abin da ya ninka sau shida shi ne tururin da ke ratsa huhunka. Ka riƙe ƙaramar na'urarka. Lambar 18 ma ba ta wuce ƙa'ida ba, domin iyakar da Tarayyar Turai da Birtaniya suka sa ita ce miligiram 20 a mililita, yayin da a Amurka ake sayar da masu kashi 5 cikin 100, wato 50 ko fiye.

Ummu Salma ta yi gaskiya cewa a sa niyya, kuma ga yadda nake ganin ya dace a aiwatar da ita. Ka jira sai warin sigari ya daina jan ranka, kuma sai ka tsallake wasu lokutan ɓacin rai da matsin aiki ba tare da tunanin kara ya zo maka ba. Daga nan ka sauka kaɗan-kaɗan. Daga 18 zuwa 12 kashi ɗaya cikin uku ne ya tafi, kuma ga wasu ya yi yawa, amma idan ka haɗa mai 18 da mai 12 daidai wa daida, iri ɗaya kuma ɗanɗano ɗaya, ka samu 15. Haka 12 da 6 suke ba da 9. Matakan ƙasa su ne masu yaudara, domin daga 6 zuwa 3 lamba uku ce kawai a ido, amma rabin abin da jikinka ya saba da shi ne aka cire. Filastar nikotin ma haka aka tsara ta, daga miligiram 21 zuwa 14 zuwa 7, ana ɗaukar makonni a kowane mataki.

Saurin fushi da rashin natsuwa sukan fi tsanani a makon farko, su lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, don haka kada ka yanke hukunci a kan wani mataki kafin ya yi wata guda. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne yawan ruwan da kake ƙonawa. Idan ka sauka zuwa 15 kuma mililita 2 ɗinka suna nan, to raguwar ta gaske ce. Idan sun koma mililita 3, ka koma inda kake ka ƙara jira. Ka kuma ajiye kwalba guda ta tsohon ƙarfin, a inda yara ba za su kai ba domin ruwan guba ne idan aka haɗiye shi, saboda ranar da abin zai taso maka da ƙarfi gara ka zuba mai 18 da ka nemi ashana.

Ummu Salma ta amsa:

A kan wannan tsari ba ni da ja. Abin da zan ƙara shi ne akwai ragewar da ba ta buƙatar taɓa kwalba ko kaɗan, wato a rage lokutan. Ka hana na'urar shiga ɗakin barci, ka daina riƙe ta a hannu kana aiki, ka sa mata lokuta kamar yadda sigari yake da su a da. Mutane da yawa sun fi samun sauƙin saukowa bayan sun raba hannunsu da ita. Amma idan kana da ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, Baban Zainab, to wannan jira na watanni ba naka ba ne kai kaɗai ka yanke, ka je wa likitanka da lambar ruwan da yawan abin da kake sha a yini, ku tsara saukowar tare.