Tunkiyata ta ƙi ɗanta, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Tunkiyata ta haifi tagwaye, haihuwar fari ce. Ta lashe na farkon tas, tana shayar da shi, amma na biyun da ya doshi hantsa sai ta juyo ta tunkuye shi har ya kife.

Na san dakashi ne ke kare shi daga cuta, kuma bayan awa 24 cikinsa ba ya ɗaukar amfaninsa sosai, shi ya sa na riƙe ta na tatsa, na ba shi da bulunboti. Na goga masa ruwan haihuwa a jiki ko za ta ji warinta, na killace su wuri ɗaya. Har yanzu sai an danne ta yake samun tsotso.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, cikinsa ya lotsa, in na sa yatsa a bakinsa ina jin sanyi, ga nonon uwar ba ya isar biyu. Madarar saniya za ta riƙe shi, tunda ba ta kai ta tunkiya maiƙo ba? Sau nawa zan ba shi, har da dare? In ci gaba da ɗaure uwar ne, ko in haƙura in raine shi da hannu? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini.