Neman kalma: me za mu kira leishmaniasis da Hausa?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum malamaina. Jibi da safe zan naɗi shirin lafiya na rediyo, ga shi na maƙale a kan kalma ɗaya, leishmaniasis, cutar da cizon wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa. Labarin na annobar da ta ɓarke ne a garin Fuenlabrada da kewayensa, kudu da Madrid a ƙasar Sifaniya, tun watan Yulin 2009. Zuwa ƙarshen 2012 an ƙirga mutum 446. A can kare aka sani da ɗaukar ƙwayar cutar, amma a wannan karon zomayen wani dajin shaƙatawa ne mai suna Bosquesur. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasu manya masu cikakkiyar garkuwar jiki sun je asibiti ba zazzaɓi, ba kumburin saifa, sai kaluluwa kawai a wuya, irin wadda likita zai iya ɗauka tarin fuka ce ko ciwon daji. Wane suna ne zai ɗauke wannan duka?

Malamar Asibiti: Wa alaikumus salam. Ka ce lishmaniya, sannan ka rarrabe: ta fata, ta cikin ciki mai kawo zazzaɓi da kumburin saifa, ta hanci da baki. Waccan mai kaluluwa ta Sifaniya ka kira ta lishmaniyar kaluluwa.

Tsohon Malamin Hausa: 'Yata, ban yarda ba. Leishman sunan wani likitan sojan Birtaniya ne da ya bayyana ƙwayar a 1903, me ya haɗa tsohuwar ƙauye da shi? Sauro ya ba mu zazzaɓin cizon sauro, ba wanda ya wahala. Ni na daɗe ina cewa gyambon ƙuda. Gajere ne, kuma kunne na kama shi nan take.

Malamar Asibiti: Allah ya gafarta Malam, ai nan gizo ke saƙar. Mutanen da yake magana a kansu ba gyambo ne ya kai su asibiti ba. In muka ɗaure sunan a kan gyambo, mai kaluluwa ko mai kumburin saifa zai ji shirin ya ce ba da shi ake ba. Ta cikin ciki kuwa in ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin 100 mutuwa suke yi.

Ɗan Gadarif: Mu Hausawan gabashin Sudan cutar nan a ƙofar gidanmu take. Kalazar muke cewa, yaro da babba, kuma maganinta allura ce ta kwana 17. Me zai hana ku ɗauka?

Mai Shirin Lafiya: Ɗan'uwa, kalazar ta cikin ciki ce kaɗai, ko ba haka ba? To ƙwaron da ke cizon fa, in ce ƙudan rairayi?

Ɗan Gadarif: Haka ne, ita kaɗai. Amma don Allah ka bar rairayin nan, fassarar Turanci ce tsagwaronta. A wajenmu a baƙar laka mai tsagewa yake, inda itatuwan aduwa suke, bai kai sauro girma ba, da magariba yake fitowa.

Tsohon Malamin Hausa: Kalazar ma daga Indiya ta zo, baƙin zazzaɓi ke nan. Kullum aro, kullum aro! Harshen da ya haifi ƙanjamau da farfaɗiya da shan inna ba zai kasa wannan ba.

Bazazzagiya: Baba, da girmanka, asibiti da allura da likita duk aro ne, kuma yau ba mai ce musu baƙi. Ƙanjamau ɗin ma ai saboda ƙyamar da take jawo wa masu ita mutane da yawa suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ci mini rai, in an zo yanke kalma sai Kano da Zariya su zauna su gama, mu a aiko mana. Alhali ta fatar nan a Nijar aka fara rubuta labarinta a yammacin Afirka, tun 1911. Lishmaniya dai ta yi mana, don ta yi kusa da yadda likitocinmu ke faɗa da Faransanci.

Tsohon Malamin Hausa: Ba wanda ya raina Damagaram, ɗana. In dole sai an ari, to a rubuta ta yadda bakin Bahaushe ke furta ta, kuma ta fata a bar mini gyambon ƙuda a gefe. Ban janye ba.

Mai Shirin Lafiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ce cutar lishmaniya, in ambaci kalazar saboda 'yan'uwanmu na Sudan, in ce lishmaniyar kaluluwa a kan mai kaluluwar nan ta Fuenlabrada. Baba, gyambon ƙuda zai fito sau ɗaya wajen bayanin ta fata. Ƙwaron ne har yanzu ba shi da suna, na rubuta "wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo da magariba". Wanda ke da abin da ya fi wannan ya taimaka kafin gobe da isha'i.