Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sentence transformation"?

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Dan Allah ina neman taimakonku kan wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina koya wa wasu yara da 'yan manya Turanci na matakin farko, kuma na daɗe da lura cewa in na yi bayani da Hausa sun fi kamawa nesa ba kusa ba, to sai muka iso wajen da ake cewa sentence transformation, wato a ba ka jimla a ce ka sake faɗinta ta wata siga amma ma'anar ta tsaya inda take. Ni kuma sai kawai na ce musu "ku canza jimlar", na rubuta a allo: The teacher opened the door. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari sosai wadda ba ta taɓa zuwa aji ba tare da aikin gidanta ba, ta kawo min littafinta tana murmushi, na duba na ga ta rubuta The teacher closed the door, har ta ja layi da rula a ƙarƙashin closed don in ga abin da ta canza. Abin da nake so shi ne The door was opened by the teacher. Wallahi na kasa ja mata jan biro domin ba ta yi laifi ba, an ce ta canza ta canza. Tun ranar nake neman kalmar da in yaro ya ji zai gane cewa ba a taɓa ma'ana. Bismillah, kowa ya kawo abin da ke bakinsa.

Wani malamin Turanci:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a ajina "juya jimla" nake cewa kuma yara suna ganewa, musamman a wajen active da passive, saboda abin da ke gaba ya koma baya na baya ya dawo gaba, juyi ne na gaske. Ka ɗauki riga ka juya ta ai rigar ce dai ba wata ba.

Mai tambaya:
Na gode Malam, juyi ya zauna daidai a wajen passive kam, ba musu. Amma ga inda nake jin tsoro. In Bahaushe ya ce "ka juya min magana" ai nufinsa ka karkatar da abin da ya faɗa, ka sa masa abin da bai ce ba, kishiyar abin da muke so kenan. Sannan muna cewa a juya littafi zuwa Hausa, wato fassara, muna kuma cewa a juyi rubutu wato a kwafa. To in na rubuta "juya waɗannan jimloli" a takardar gwaji na tabbata sai an samu mai fassara min su da Hausa. Kuma ba ko'ina ake juyawa ba, dubi wannan: He is too weak to walk ta koma He is so weak that he cannot walk, ba abin da ya bar gaba ya koma baya, kalmomi ne aka sake.

Wata ɗalibar jami'a:
Malam mu a darasin nahawu abin da na ji ana faɗa shi ne taciya, ana cewa nahawun taciya, wato transformational grammar, ga tsarin nan da masanin harshe Chomsky ya fito da shi a 1957, inda daga baya aka shigo da maganar ƙirar ɓoye da ƙirar sarari. Tunda kalmar tana nan an riga an yi ta me zai hana a ɗauka kawai, maimakon kowa ya riƙa ƙirƙiro tasa? Ko kuma a ce rikiɗa.

Mai tambaya:
Gaskiyarki ne 'yar uwa, bai kamata mu yi kamar ba a taɓa aikin nan ba, masana sun sha wahala a kan kalmomin nahawu, su suka bar mana aikau da karɓau da aikatau da bayanau, har an tattara irinsu a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, kuma ni kullum da su nake aiki. Sai dai taciya magana ce ta masu nazarin harshe, suna bayanin yadda jimla ke samuwa tun daga tushe, ni kuwa atisaye nake ba yaron da jiya-jiya ya koyi is da are. In na ce masa taciya zai tuna rariya ne. Rikiɗa kuma tana da kyau a kunne amma abin da ya rikiɗa ya tashi daga yadda aka san shi ya zama wani abu dabam, har ana cewa ciwo ya rikiɗe, lamari ya rikiɗe, to ka ga mun sake komawa gidan jiya.

Wani dattijo:
Ɗana, na karanta tambayarka sau biyu. Kalmar da kake nema tana cikin bakinka, kai da kanka ka rubuta "ka sake faɗinta ta wata siga". To me ya rage? Siga ita ce yanayin da aka zuba magana a ciki, daga Larabci muka samo ta kuma ta daɗe da zama tamu, kowa ya san in an ce faɗi ta wata siga ba a ce ka faɗi wani abu dabam ba. Ka ce sauyin siga, ko sauyin sigar jimla in kana son cikawa. Umarnin kuma ka ce "sauya siga, bar ma'ana". Wanda ya yi karatun hadisi ma ya san ana ruwaya da lafazi ana ruwaya da ma'ana, kuma malamai sun sa sharaɗi cewa mai ruwaya da ma'ana sai ya san harshen da zai hana shi ɓata abin da aka faɗa. Aikin da kake ba yaran nan ƙanin wancan ne.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi sai da na koma sama na duba, haka na rubuta kuwa ban lura ba. Sauyin siga ta kwanta min ƙwarai, gajeriya ce, ba ta da nauyi a baki, kuma tana jawo tambayar da nake so yaro ya yi da kansa, wato in siga ce ta sauya me ya tsaya? Na so in ce fasali da farko amma fasali ya fi tafiya da abin da ido ke gani kamar gini ko ɗinki, siga kuwa ta magana ce tun asali.

Kuma Baba ka warware min wata ba tare da na tambaya ba. Direct da indirect speech da nake ta fama ina cewa "magana kai tsaye da wadda ba kai tsaye ba", dogon zance, ashe ruwaya da lafazi da ruwaya da ma'ana ne. He said, "I am tired" ruwaya ce da lafazi, ga bakin mai magana nan cikin alamar zance. He said that he was tired ruwaya ce da ma'ana. Abin da ke kayar da yaranmu a nan shi ne Hausa ba ta jan lokaci baya, mutum ya ce "zan zo gobe" sai mu ce ya ce zai zo washegari, zai ɗin nan tana nan ba ta motsa ba, wakilin suna ne kawai ya sauya da kalmar rana, amma Turanci sai will ta koma would, am ta koma was, tomorrow ta koma the next day. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta He said he will come the next day, rabi ya sauya rabi ya bari, da tunanin Hausa ya yi kuma a Hausa daidai ne.

Malamin Turanci:
Na yarda da sauyin siga, na janye juyi a matsayin sunan gaba ɗaya. Amma Malam saura active da passive voice ɗin kansu, don na taɓa ganin an rubuta "murya mai aiki" da "murya marar aiki", yara suka yi ta tambaya wace murya.

Mai tambaya:
Ai murya ba ta da wurin zama a nan sam. Su ma Turawan gadon kalmar suka yi daga nahawun Latin, ba wai don akwai wani sauti a ciki ba, to mu me zai sa mu ɗauko musu kaya mu ɗora wa yaro. Tunda mun samu siga sai mu ci gaba da ita, ni shawarata sigar aikau da sigar karɓau. A sigar aikau wanda ya yi aikin shi ke gaba, The boy broke the cup. A sigar karɓau wanda aikin ya faɗa wa shi ke gaba, The cup was broken by the boy. Kuma sunan da kansa yana koyar da doka ɗaya da ke ba mutane wahala, in aikatau ba shi da karɓau, irin wanda ake kira ƙi-karɓau, to ba inda za a samo sigar karɓau, shi ya sa It was happened da He was died ba Turanci ba ne duk da ana yawan jin su.

Wani ɗalibin Larabci:
Malam me ya sa ba za a ce ma'alumi da majahuli ba? Duk wanda ya yi nahawun Larabci ya san fa'ili da na'ibul fa'ili, nan take zai gane.

Mai tambaya:
Ɗan uwa wannan gada ce mai kyau kuma ina hawa ta in na ga ɗalibin ya yi Larabci, minti biyu ya kama. Amma a matsayin suna akwai gyara, majahuli na nufin ba a san mai aikin ba ko an ɓoye shi, Turanci kuwa yana iya kawo shi ƙarara a ƙarshe da by, to yaya za ka ce wa by the boy majahuli alhali ga yaron nan an ambace shi? Mu ma Hausa irin Larabcin muke a nan, muna cewa "an fasa kofi" shi kenan, ba ma cewa an fasa kofi ta hannun yaro sai in fassara ce ta tilasta, in muna son ambaton sa sai mu ce kofin, yaro ne ya fasa shi. Ga kuma irin su ƙofa ta buɗu, mota ta gyaru, wanda masanin Hausa Parsons ya sa a aji na 7 a rabon aikatau da ya yi a 1960, shi ma yana kama da passive amma ba shi ba ne, domin ta gyaru na nufin gyaran ya yi kyau, ba ta gyaruwa kuma na nufin ba zai yiwu ba. Ni dai abin da nake gaya wa yara, in kun ga jimlar da a Hausa za ku fara ta da "an" ko "ana" ko "za a", to ku nemi sigar karɓau, ku sa be a lokacin da ya dace sannan aikatau a siffarsa ta uku, broken ba broke ba.

Ɗalibar jami'a:
Toh Malam ina da ja guda ɗaya. In aka ce a mayar da He is late zuwa korewa sai a ce He is not late, ai nan ma'ana ta kife gaba ɗaya, kuma littattafai suna sa shi a babin transformation ɗin. Sauyin siga ta ɗauke shi?

Mai tambaya:
Madalla da wannan tambaya, ita ce ta ƙarshen da ke cina dama. Gaskiya abu biyu ne aka cusa a buhu ɗaya. Akwai wanda ake so ka kore jimlar kawai ko ka mai da ita tambaya, He went ta koma He did not go ko Did he go?, nan ana gwada ko ka san did ta riga ta ɗauke shuɗaɗɗen lokaci ne don kar ka ce Did he went. Wannan ni zan kira shi mayarwa, in ce "mayar da ita korewa", "mayar da ita tambaya", kuma ba wanda zai ruɗe. Akwai kuma wanda ake so ka shigo da kalmar korewa amma ma'ana ta tsaya, He is always late ta koma He is never on time, wannan shi ne sauyin siga na ainihi kuma shi manyan jarrabawa ke nema. A jarrabawar B2 First ta Cambridge akwai sashe guda mai tambaya 6 a kan wannan kaɗai, za a ba ka jimla da kalma ɗaya da ba a yarda ka taɓa ta ba, ka cike gurbi da kalma 2 zuwa 5, misali I last saw him five years ago a ba ka seen, sai ka fitar da I have not seen him for five years. Wanda aka saba masa da "canza" tun yana ƙarami zai sha wuya a irin wannan.

Dattijo:
To ɗana ka gwada a aji ka dawo mana da labari, kalma sai an sa ta a bakin yara ake sanin ko za ta rayu.

Mai tambaya:
Na gwada yau da safe Baba. Na rubuta a saman allo "Sauya siga, bar ma'ana. Fara da karɓau", a ƙasa na sa The girl wrote the letter. Yarinyar nan ta rula ita ta fara ɗaga hannu, kafin ta rubuta komai ta tambaye ni, Malam wasiƙar dai ita ce kuma yarinyar ce ta rubuta ko? Na ce ƙwarai. Ta rubuta The letter was wrote by the girl, na nuna mata jerin aikatau da ke bango ta goge da kanta ta sa written. Mako mai zuwa za mu shiga question tag, irin su isn't it da didn't he, ina tunanin "jelar tambaya" tunda a ƙarshe take maƙalewa kamar "ko ba haka ba" ɗinmu, amma wanda ke da wadda ta fi dan Allah ya kawo kafin Litinin.