Neman shawara: dasashin 'yata yana jini tun da aka saka mata ƙarfen haƙori

Maman Ummi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Ina neman shawararku a kan 'yata mai shekara 14, wadda aka saka wa ƙarfen gyaran haƙori wata huɗu da suka wuce, saboda haƙoranta na sama sun hau juna har fiƙa ɗaya ta tsiro a saman sauran. Likita ya ce aikin zai ɗauki kimanin shekara biyu, kuma za mu riƙa komawa duk bayan mako shida a ɗaure wayar da ta haɗa ƙananan ƙarafan da aka manna a haƙoran. Yarinyar tana makarantar kwana, kuma da ta dawo hutu na tarar dasashinta ya kumbura ya yi jajir, buroshi na taɓa shi sai jini, har ta ce ta rage goge baki don gudun jinin. Na kuma ga wani fari-fari kamar alli a gefen ƙarafa biyu na gaba. Ga shi ƙarfe ɗaya na ciki ya ɓalle yana yawo a jikin waya tun ranar da suka ci aya da ƙawayenta. Kakarta ta ce a je a cire, wai su da suka girma da asuwaki ba su san wannan wahala ba. Saura mako uku mu koma asibiti. In jira ne, ko akwai abin da zan yi a gida?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Sannu, 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ɗana ya yi wata 22 da wannan ƙarfe, kuma sau uku yana ɓallewa, duk ta dalilin ciye-ciye: sau ɗaya rake, sau ɗaya ƙuli-ƙuli, na ukun kuwa kilishin da kawunsa ya kawo tsaraba. Ki hana ta aya, gasasshiyar masara, goro, cingam da alawa mai danƙo. Tsire da balangu a yanka mata ƙanana ta tauna da turamenta, kada ta gatsa da na gaba. Idan bakin waya yana sukar ta a kumatu, akwai kakin da asibiti ke bayarwa. A tsane wurin da auduga, a mulmula ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake a manna.

Likita daga Zariya:
Hajiya, ni likitan haƙori ne, amma tun da ban duba bakinta ba, abin da zan faɗa bai maye gurbin ganin likitanta ba. A cikin abubuwa ukun da kika lissafa, ƙarfen da ya ɓalle ne ya fi tayar miki da hankali, ni kuwa farin nan mai kama da alli ne ya fi damu na. Dattin abinci da ƙwayoyin cuta suna taruwa a kewayen kowane ƙarfe, su mayar da sukari wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙori, kuma wannan farin shi ne farkon ruɓewa. Idan aka tare shi yanzu yana iya tsayawa, har ya dushe. Idan aka bar shi, ranar da aka cire ƙarfe za a ga haƙora sun jeru tsaf, amma kowanne da tabo a fuskarsa, wani ma da kogo.

Jinin dasashi kuma wannan dattin ne dai ya kawo shi, saboda haka rage gogewa ƙara kumburin yake yi. Ta riƙa gogewa safe da dare, aƙalla minti biyu, da buroshi mai laushi, tana karkata shi ta bi saman ƙarafan da ƙasansu da kuma layin da haƙori ya haɗu da dasashi, ko da jini na fita. Galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin yakan ragu. A saya mata ɗan ƙaramin buroshin nan mai kama da na wanke kwalba, wanda ke shiga ƙarƙashin waya. Ki duba jikin man goge bakin, a samu mai sinadarin fuloraid, wato mai kare haƙori daga ruɓewa, 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa ke nan da ake rubutawa a jiki), kuma idan ta gama ta tofar kawai, kada ta kuskure da ruwa, domin sinadarin ya zauna a haƙori.

Game da ƙarfen da ya ɓalle, kada ku jira mako uku. Ki kira asibitin gobe, domin haƙorin da ƙarfensa ya saki ya daina tafiya tare da sauran, kuma hakan na iya tsawaita aikin. Kada kowa ya yi ƙoƙarin manna shi ko fizge shi a gida.

Baba Malam:
Likita, a yi mini afuwa, amma maganar kakar yarinya ba abin yarwa ba ce. Asuwaki sunna ne, kuma mun ga tsofaffi da haƙoransu cif har shekara tamanin. Shin mai wannan ƙarfe ba zai yi asuwaki ba ke nan?

Likita daga Zariya:
Allah ya gafarta Malam, zai yi. Sai dai a jiƙa shi ya yi laushi, a bi da shi a hankali, kada a taune shi a kan ƙarafan. Abin da ba zai iya ba shi ne shiga ƙarƙashin waya, kuma ba shi ne zai ba ta fuloraid ɗin da take buƙata yanzu ba, don haka ya zama ƙari a kan buroshi. Tsofaffin da Malam ya ambata kuma ba su tashi da lemon kwalba da biskit a cikin akwatin makaranta ba. Cire ƙarfen a wata na huɗu asarar kuɗi da wahala ne kawai, domin haƙoran ba su isa inda za su zauna ba, kuma suna iya komawa gidan jiya.

Anti Hauwa:
Ni da nawa dasashin ya kumbura, ruwan kuskure baki na kiloheksidin na saya a kemis, kuma ya yi mini aiki.

Likita daga Zariya:
Yana aiki, Anti, amma idan aka daɗe ana amfani da shi yakan rina haƙora su yi ruwan ƙasa, musamman ga mai shan shayi, shi ya sa likita ke ƙayyade kwanakinsa. Kafin ta je asibiti, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ya wadatar.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira asibitin sun ce mu zo jibi. Damuwata yanzu ita ce komawa makaranta, inda ba ni nan balle in tsaya a kanta.

Malama mai kula da ɗakin kwana:
Maman Ummi, shekarata tara ina wannan aiki, kuma na lura gogewar dare ita ce yara suka fi tsallakewa, saboda daga karatun dare sai gado, sau da yawa da biskit ko garin kwaki da sukari a baki. Ki karɓo takarda daga likita ki kai wa mai kula da ɗakinsu, a rubuta ranakun komawa asibiti tun farkon zango don a ba ta izinin fita ba tare da ja-in-ja ba. Ki haɗa mata buroshi biyu, domin ƙarfe yana saurin cinye gashinsa, da kaki, da ƙaramin madubi, da tocila. Sannan a cire alawa da cingam daga kayan komawa, a gaya wa kakarta ma, tun da yawanci a ƙullin kaka suke shigowa.