Gson na yi wa char[] ɗaiɗai a JSON, yaya za a haɗe shi ya zama rubutu guda?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Manhajar Android ce ta ɗaukar odar hatsi ga wasu 'yan kasuwa a nan Gombe, da Java aka rubuta ta. Filin bayanin oda `char[]` ne, wato jerin haruffa. Idan Gson, laburaren da ke shirya bayanai don aikawa, ya juya shi zuwa JSON, maimakon `"ƙwai"` sai ya fito `["ƙ","w","a","i"]`. Sabar kuwa Spring Boot ce, filin `String` ne a can, don haka tana ƙin karɓa. In ita ta aiko da rubutu, wayar ta tsaya da `Expected BEGIN_ARRAY but was STRING`. Ga kuma wani abu: in mai saye ya sa emoji a bayaninsa, `??` ake gani a ajiyar. Canja filin zuwa `String` zai taɓa wurare da yawa. Akwai gyaran da za a yi wa Gson ɗin kansa?

Malamin Kodi:
Wa alaikumus salam. Ba lalacewa Gson ya yi ba, haka aka gina shi. Duk wani jeri, na lambobi ne ko na haruffa, adafta ɗaya ce ke kula da shi: ta buɗe baka, ta rubuta abin ciki ɗaya bayan ɗaya, ta rufe. Ba ruwanta da cewa haruffan kalma ce. Jackson, laburaren JSON da Spring Boot ke zuwa da shi, akasin haka yake yi: rubutu guda yake fitarwa, sai in an kunna `WRITE_CHAR_ARRAYS_AS_JSON_ARRAYS`. Shi ya sa ɓangarorin biyu ba sa jin yaren juna.

Ka rubuta taka adaftar. Wadda ka yi wa rajista ita Gson zai fara dubawa kafin tasa:

```java
class AdaftarHaruffa extends TypeAdapter<char[]> {
  public void write(JsonWriter out, char[] v) throws IOException {
    out.value(new String(v));
  }
  public char[] read(JsonReader in) throws IOException {
    if (in.peek() == JsonToken.STRING)
      return in.nextString().toCharArray();
    StringBuilder sb = new StringBuilder();
    in.beginArray();
    while (in.hasNext()) sb.append(in.nextString());
    in.endArray();
    return sb.toString().toCharArray();
  }
}

Gson gson = new GsonBuilder()
  .registerTypeAdapter(char[].class, new AdaftarHaruffa().nullSafe())
  .create();
```

Lura da ɓangaren karantawa. Yana leƙa abin da ke tafe, in rubutu ne ya ɗauka, in jeri ne ya harhaɗa. Kar ka cire wannan, domin wayoyin da ke hannun mutane suna ɗauke da odar da aka ajiye da tsohon tsari, kuma ranar da suka sabunta manhajar dole ta iya buɗe su. `nullSafe()` kuma shi zai hana ta faɗuwa idan filin `null` ne.

In kana aiki da Retrofit, laburaren da ke haɗa manhaja da sabar, sai ka miƙa masa wannan ɗin: `GsonConverterFactory.create(gson)`. In ka bar bakan wayam, sabon Gson zai ƙirƙiro wa kansa wanda bai san da adaftarka ba, ka yi ta mamakin abin da ya hana gyaran aiki. Haka duk inda aka rubuta `new Gson()` a cikin aikin, a bi a nemo.

Yar Yelwa:
Malam ya gama da babban aikin. Bari in ɗora kan `??` ɗin, don a nan asarar take.

`char` a Java bit 16 ne, yanki guda na UTF-16, ba lallai ya zama cikakken harafi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su da matsala: ƙ U+0199 ne, ɗ U+0257, ɓ U+0253, alamar naira ₦ kuma U+20A6, kowanne ya shige cikin `char` ɗaya. Amma duk abin da ya haura U+FFFF, irin yawancin emoji, `char` biyu yake ci, rabi da rabi. Da Gson ya raba su, ya sa waƙafi a tsakani, kowane rabi ya zama maraya. Lokacin juyawa zuwa UTF-8 Java ba ta da yadda za ta rubuta rabin harafi, sai ta sa `?` a gurbinsa. Emoji ɗaya, alamar tambaya biyu. Adaftar Malam ta magance wannan tunda rabi biyun za su fita manne da juna. Waɗanda suka riga suka zama `??` a ajiya kam sun tafi, babu kodin da zai dawo da su.

Akwai riba ta gefe ma. A tsohon tsari harafin boko mara lanƙwasa bayit 4 yake ci: shi kansa, alamar zance biyu, da waƙafi. Bayani mai haruffa 160 zai kai bayit 641, a rubutu guda kuwa 162. Ga mai aika oda daga ƙauye da sabis ke yankewa, ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Jekadafari:
Na gode Malam, na gode Yaya. Sabar ta karɓa. Sai dai yanzu `'ya'yan itace` yana fita `\u0027ya\u0027yan itace`, wasu bayanan kuma da `\u0000` a jere a ƙarshensu.

Yar Yelwa:
Na farkon ba ciwo ba ne. Gson yana sauya `'`, `<`, `>`, `&` da `=` saboda kar su yi ɓarna in an zuba JSON ɗin cikin shafin HTML. Duk mai karanta JSON zai mayar da su yadda suke. In ganinsu ne ya dame ka, akwai `disableHtmlEscaping()`, amma in bayanin zai shiga shafin yanar gizo kai tsaye, gara ka bar shi.

Na biyun kuwa ka tashi tsaye. Alama ce an ware jeri mai tsayi, misali `new char[64]`, aka cika goma, saura 54 suka zauna da sifili. In sabar tana zuba JSON ɗin a filin `jsonb` na rumbun bayanai PostgreSQL, zai ƙi `\u0000` ƙememe. A inda ake cika jerin za ka gyara, ka datse shi da `Arrays.copyOf(buf, n)`, `n` shi ne adadin da aka cika. Ana iya sa adaftar ta tsaya a sifili na farko, amma ni ban so hakan: abin da ka karanto ba zai yi tsayi ɗaya da abin da ka rubuta ba, gwaji ya riƙa faɗuwa ba a san dalili ba.

Mai Gyaran Sabar:
Ɗan'uwa, kafin ka saki sabuwar manhajar ka duba ko akwai lambar sirri a cikin `char[]`. Galibi dalilin da ake zaɓarsa ke nan, don a iya goge shi da `Arrays.fill` bayan an gama. `new String(v)` yana yin kwafin da ba ka da ikon gogewa. Rajistar da Malam ya nuna kuma ta shafi kowane `char[]` a aikin. Filin sirri ka sa masa `transient` Gson ya tsallake shi, ko ka fasa rajistar gaba ɗaya ka ɗora `@JsonAdapter(AdaftarHaruffa.class)` a kan filin bayani kaɗai.

`Character[]` da `List<Character>` ba sa bin wannan adaftar, nau'insu daban ne, jeri za su ci gaba da fitarwa. Sannan in sabar tana rubuta fayil da `FileWriter` a kan Windows da Java ƙasa da 18, ka ambata mata UTF-8 da bakinka, in ba haka ba ƙ da ɗ ɗin da suka iso lafiya a nan za su koma `?`. A gwajinka ka sa `null`, jeri wayam, `ƙwarya`, emoji ɗaya, da oda guda daga tsohuwar ajiya.