Garkar lakwal ɗinmu ta ƙone, ta ina za mu sake farawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu mata shida ne a unguwar Garin Malam, cikin Damagaram, muka ɗauki nauyin 'yar garka a bayan lakwal ɗin yaranmu, aikin sa kai ne, ba mai ba mu ko dala. A watan Maris muka dasa tumatir da salati, muka zuba musu kashin kaji da muka kwaso daga akurki. Sati biyu bai cika ba bakin ganyen ya ƙone, abin da ya saura awakin maƙwabta suka gama da shi. Ga pompo sai ya kwana biyu bai kawo ba, bido muke saye. Yanzu damina ta zo ƙarshe, biyu daga cikinmu har sun ce sun haƙura. Don Allah me muka ɓata, kuma ina za mu koyi abin?

Wani dattijo mai garka a Miriya: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba hannunku ne ba shi da albarka ba, lokaci kuka saɓa. Wa ya ce muku ana dasa salati a bakin bazara? A Afrilu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, tumatir ko ya rayu furensa zubewa yake, salati kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci. Ku yi renon iri a Oktoba, bayan sati uku zuwa huɗu ku dasa da marece, ku bar kamu biyu tsakanin tumatir da ɗan uwansa. Kashin kaji ɗanye kuwa wuta ne. Ku haƙa rami, ku jera shi da busasshen ganye da ɗan toka, kuna yayyafa ruwa, kuna juyawa duk sati biyu. Ki cusa hannu tsakiya: in da ɗumi, bai nuna ba. Sai ya huce ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa.

Wata uwar gida daga Birni: Yaya, ni maganar ruwa zan yi, don ita ce ciwon garin nan. Ki sayi tulun ƙasa sabo, wanda ba a shafe ba, ki binne shi har wuya, ki dasa tumatir huɗu kewaye da shi. Ki cika, ki rufe baki da tsohon faranti saboda sauro. Yana tsattsafowa a hankali daidai saiwa. Nawa sai bayan kwana uku nake ƙarawa lokacin sanyi. Ranar da na tone shi, saiwoyi sun lulluɓe cikinsa kamar gashi. Ki shimfiɗa ɓawon gyaɗa a saman ƙasa, rana ba za ta shanye laimar ba.

Wani ɗalibin aikin gona: Hajiya, kafin iri ku fara da shinge, ko na kara ne, sannan ku jera zogale ta ciki. Farin ƙuda da tsutsa kuma, ku daka 'ya'yan bedi busassu rabin kilo, ku jiƙa a lita 10 su kwana, ku tace, ku sa ɗan sabulu, ku fesa da marece har ƙarƙashin ganye. Wajen koyo, RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasar Nijar, na yaɗa bayanan noma cikin murya da Hausa ta WhatsApp, kuma tana da reshe a nan, wato CRA, majalisar manoma ta jihar Damagaram. Ku tambaye su inda ake samun iri mai kyau.

Dattijon ya ƙara: Yaro ya yi gaskiya, amma waya ba ta nuna maka yadda ake riƙe dashe. Miriya kilomita 18 ce kawai. Ku zo da sassafe ku tsuguna kusa da masu ban ruwa. Kuma kada ku cika fili, fangali uku sun ishe ku bana: tumatir, salati, yakuwa.

Mai tambaya: Baba, Allah ya saka da alheri, ku duka mun gode. Ramin taki gobe za mu haƙa. Amma tulun, babba ko madaidaici? Filin namu bai fi taki goma ba.

Uwar gidan Birni: Madaidaici, mai cin rabin bido. Ki ƙwanƙwasa shi tun a kasuwa, in ya yi ƙarar tsage ki ajiye musu kayansu.