Wai Lawali ne ke "ƙera" mota a Damagaram

Lawali V8: Salamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Kun san Mercedes ɗin nan tawa mai ƙofa biyu, 230CE ta 1990, wadda nake ƙerawa. Na sauke injinta na asali mai silinda huɗu, lita 2.3, wanda ƙarfinsa bai wuce doki 136 ba. Na sayo injin Lexus LS400, wato 1UZ, silinda takwas, lita 4, doki 250. Tun kafin azumi na kai wa wani mai garaji, ba zan faɗi suna ba, ya san kansa. Ya rantse aikin mako biyu ne. Yau ga layya ta wuce, inji na rataye a sarƙa, awaki na kwana ƙarƙashin mota. Kullum sai ya ce ƙafar inji ba ta zauna ba, akwatin sitiyari ya tokare bututun hayaƙi. Ni dai na faɗa, kowa ya ji haushi: babu makanikin da ya iya aikin nan a Damagaram. Canja buji da zuba mai kawai suka iya. Gobe zan nemo babbar mota in kai ta Kano.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna yaya Lawali. Ka ce me? Ƙerawa?

Habu Walda: Ni ma nan idona ya tsaya. Jamusawa sun yi gangar jiki, Japanawa sun yi inji, makaniki na fama da sifana, kai kana zaune kan benci kana shan shayi. A cikinku wa ke ƙira?

Lawali V8: Habu ba wannan ce maganar ba. Maganar makanikai nake.

Habu Walda: Ita ce maganar. Kai mai biya ne. Ka ce kana haɗa mota, ko ma ka ce ana haɗa maka.

Alhaji 504: Yara ku saurara. Kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, da ma'aikatansa da injinansa, ba a taɓa cewa yana ƙera mota ba. Kamfanin haɗa motoci ake ce masa, don kayan daga Faransa suke zuwa. To in Kaduna haɗi take yi, Lawali a gindin bedi ne zai yi ƙira?

Sani Benz: Alhaji da girmanka, amma ban yarda ba. Abin da babu shi a shago, aka yanko ƙarfe aka auna aka yi shi, ƙira ne. Ƙafar injin da za ta ɗauki 1UZ a cikin W124, wato samfurin Mercedes ɗin nan tasa, ba a sayar da ita a Kasuwar Dole. Farfela sai an yanke an rage ko an ƙara, a kai wa mai tur, wato injin sassaƙa ƙarfe, ya daidaita, in ba haka ba da ka kai 100 motar za ta kama rawa. Bututun hayaƙi sai an lanƙwasa sabo. Wayoyin ƙwaƙwalwar injin Toyota sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an aurar da su da na Mercedes. Wannan duka mene ne sunansa?

Habu Walda: Sunansa aikina. Ni ke yankan ƙarfen. Lawali ko ashana bai ƙyasta ba.

Ɗan Maƙera: Don Allah a bar mana kalmarmu. Ƙira gado ce. Kakanninmu ne suka yi wa Sarki Tanimun igwa a garin nan tun ƙarni na 19, ba wanda ya aiko musu da kaya a kwali. Yau mutum ya ɗaure noti huɗu ya ce shi maƙeri ne.

Ɗan Zango: To ka ji. Garin da ya yi igwa ne Lawali ke cewa ba zai iya ƙafar inji ba.

Bakano a Zinder: Igwa daban, V8 daban. Ku zo Ƙofar Ruwa ku ga kaya. Gaskiya ɗaya ce, ko injin da yake magana ta Kano ya biyo.

Ɗan Zango: Kai baƙo, zauna lafiya. Ka tambayi tsofaffinku labarin sarkinmu Amadu Kuran Daga da ya kai wa Kano yaƙi.

Bakano a Zinder: Ya zo dai ya koma, bai shiga birni ba. Kuma jikokinsa ne ke layi wajenmu neman fiston.

Admin: A bar tarihi, a koma kan mota.

Sani Benz: Ni abin da ke ƙona mini rai ma daban ne. Mutum ya samu kufe, wato mai ƙofa biyu, ta W124, motar da aka fito da ita 1987, babu ginshiƙi tsakanin gilashin gaba da na baya, in ka sauke su duka gefen a buɗe yake fayau, an rage mata tsawo tsakanin tayoyi da santimita 8.5 a kan mai ƙofa huɗu. Irin wannan gyara ta ake a ajiye. In gudu kake so, ga injin 300CE nan, silinda shida, lita 3, ya shiga ya zauna ba yanka ba walda. Me ya kai ka Toyota?

Lawali V8: Sani, yanzu fa kake kare ni.

Sani Benz: Kalmar na kare, ban kare ɗanyen aiki ba.

Mai Hilux: Me ya kai shi Toyota? Hankali ya kai shi. Wannan tsohon tsarin mai na Bosch da ke kan 230 da 300, KE-Jetronic, wa ya iya saita shi a nan? Ƙura ta shiga, mota ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi, a yi ta juya sukuru da ka. 1UZ kuwa aluminiyam ne gaba ɗayansa, tun 1989 yake aiki, ka ba shi mai da ruwa ya bar ka lafiya.

Sani Benz: Da dai ba ku san Mercedes ba. Su kansu da za su sa V8 a W124, wato 500E, sai da suka nemi Porsche ta taya su, aka faɗaɗa jiki, aka canja burki da ƙafafu. Doki 326. Kamfani biyu suka taru a kai. Shi kuma yana son mutum ɗaya da yaransa biyu su gama a mako biyu.

Habu Walda: Yauwa. Ashe makanikin ba shi da laifi.

Lawali V8: Shi ya ce mako biyu, ba ni ba!

Alhaji 504: Duk surutu ne. Mota mai ƙofa biyu da ta san ƙasar Afirka guda ce, 504 kufe mai V6. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita, ya kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa a shekarar. A kan jar ƙasa da taɓo, ba kan kwalta ba. Ku nuna mini kofin 230CE.

Mai Hilux: Alhaji, Toyota Celica ma ta ci Safari ba sau ɗaya ba.

Alhaji 504: Bayan mun share hanya.

Hajiya Mai Turare: Ni tambaya gare ni. Ƙofa biyu, in za a je suna Mirya, ta ina uwargida za ta shiga da goyo?

Ɗan Zango: Hajiya ai shi ya sa har yanzu bai yi auren ba.

Lawali V8: Ɗan Zango ka kiyaye ni. Kai da ko kabu-kabun da kake hawa na wanka ne.

Ɗan Zango: Na wana ne amma yana tafiya.

Malam Isufu: Lawali ɗana, ka ji tsoron Allah. Mota tana tafiya lafiya ka kwance ta, ka zuba dukiya don ƙara da gudu. Almubazzaranci ke nan. Kuma a wane titi? Yara na tsallakawa zuwa makaranta, amalanke na gaba, babura na baya.

Lawali V8: Allah gafarta malam, guminsa kowa ke ci. Wani doki yake kiwo na hawan salla, ba a ce masa komai ba.

Malam Isufu: Doki ɗaya ne nasa. Kai ka ce 250.

Mamman Lantarki: Ku bar wasa, akwai abin da ba wanda ya taɓo. LS400 da giya mai canja kanta kawai ta fito. In Lawali hannu yake so, sai an nemo wata buwat, wato akwatin giya, an yi mata faranti, an nemo kuloci da zai ɗauki ƙarfin. In ya bar ta yadda take, sai ramin giyar ya ɗauke ta. Sannan burki. Burkin da aka yi wa doki 136 ne zai tsayar da 250? Sannan aksul na baya. Sannan zafi: watan huɗu da na biyar muna haura digiri 40, silinda takwas a matse cikin hancin da aka yi wa huɗu, lagireton asali ba zai yi ba, sai babba da fanka biyu na lantarki. Yaya Lawali, cikin waɗannan wanne ka tanada?

Habu Walda: Ya tanadi sitika. Na gani da idona, "V8" har biyu.

Ɗan Zango: Ruwan lagireto ma a garin nan sai an bi layin famfo.

Bakano a Zinder: Man fa? Lita huɗu ba ta wasa.

Mai Hilux: Mai ai namu ne. SORAZ, matatar man Zinder, tun 2011 take tacewa, ganga 20,000 a rana aka gina ta a kai. Ku da kuka janye tallafi a 2023 ku ne za ku yi mana maganar mai?

Bakano a Zinder: Shekara nawa kuka yi kuna shan namu a kwalba a bakin titi?

Admin: Na ce a koma kan mota.

Tsohon Direba: Takarda fa? Kart giriz, wato takardar rajistar mota, ta rubuta ƙarfin tsohon inji, inshora kuma da ƙarfin inji ake lissafa ta. Ranar da aka yi karo aka buɗe bonet, ka shirya bayani. Kuma na ji yana cewa zai sassauke ta ƙasa don kyau. Ya gwada hanyar Tanut da ita, ko yashin cikin unguwa, ya dawo ya ba mu labarin kaskon mai.

Lawali V8: Ni dai tambayata ɗaya ce tun safe, akwai wanda ya iya ko babu?

Ɗan Maƙera: Ka janye "ƙera" tukuna.

Lawali V8: Ba zan janye ba. Tunanina ne, kuɗina ne, ni na ƙera.

Habu Walda: To je ka ƙera ƙafar injin da tunanin.

Admin: Jama'a dare ya yi, ga taƙaitawa. An tattauna sosai, kuma kusan kowa ya yarda cewa abin da Lawali ke yi haɗi ne, kamar yadda Alhaji ya kafa hujja da Kaduna, hujjar da ba wanda ya iya turewa. Sani ya ɗan yi ja-in-ja, amma daga baya shi ma ya ce ɗanyen aiki ne. Zargin da aka yi wa makanikan garinmu bai tabbata ba, tunda mai zargin bai amsa tambayar burki ba. Maganar Kano ba ta samu goyon baya ba sai na mutum ɗaya, shi ma an san dalilinsa. Abin da ya fito fili shi ne, da 504 aka fara aikin nan da tuni an gama, don ko yaron garaji ya san ta ciki da waje. Lawali, ka ba mai garajin haƙuri. In kuma ka sake shawara, akwai gangar 504 a bayan gidanmu a Birni, fenti kawai take so da inji, ka same ni ta gefe mu yi magana. Na rufe rubutu sai da safe.